Kafin Fiƙa Ta Yi Ƙwari

Ranar Juma'a, bayan an sakko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya biyo ta gidana. Shekararsa 16. Yana durƙushe yana gaishe ni idona ya kai kan hannuwansa. Tun daga yatsu har gwiwar hannu duk sawun haƙori ne, kamar wanda ya ratsa sarƙaƙiya da dare.

"Kai kuwa me ya same ka haka?"

"Wallahi Kawu, kwikwiyon nan ne da Baba ya sayo saboda gidan gona. Mugu ne. Duk inda ya ga hannu ko dunduniya sai ya kafa haƙori. Na buge shi har na gaji, abin sai gaba yake yi."

Na tambaye shi yana da kwana nawa aka kawo shi. Ya ce mai sayarwa ya ce kwana 35, a cikin kwali aka ɗauko shi, yanzu kuma ya kusa wata 3. Abokansa kowa da tasa shawarar. Wani ya ce a riƙa ɗalla masa yatsa a hanci, wani ya ce a shafa barkono a hannu, wani kuwa ya ce a kulle shi a keji kada ya ga kowa, wai ta haka zai yi zafi ya iya gadi. Na zaunar da yaron muka yi ta magana har aka kira la'asar. Abin da na gaya masa shi nake so in gaya muku, ƙannena da 'ya'yana, domin na ga samari da yawa yanzu suna riƙon kare, wasu don gona da garke, wasu don gidajen bayan gari inda ɓarayi suka matsa. Kusan dukkansu kuwa suna kan hanyar kuskuren da ni na taɓa yi.

Ina da shekara 14 Baffana, wanda mafarauci ne, ya ba ni ɗan kwikwiyo baƙi wuluk, na sa masa suna Duna. Yana cizo kamar yadda kowane kwikwiyo yake yi. Sa'o'ina suka ce mini kare sai da duka, in bai ji tsoronka tun yana ƙarami ba zai raina ka. Na yanko tsumagiya. Cikin mako guda ya daina cizona, na ɗauka na iya horo. Ban lura ba cewa duk lokacin da na ɗaga hannu, ko da ƙeyata zan sosa, sai ya kwantar da kunnuwa ya sunkuyar da kai. In ya yi gurnani in ƙara masa, har gurnanin ma ya daina. Da ya shekara ɗaya da 'yan watanni, wata rana yana kwance a zaure, 'yar maƙwabcinmu mai shekara 5 ta shigo da kwanon tuwon da aka aiko ta da shi. Ta miƙa hannu za ta shafa kansa. Bai yi haushi ba, bai yi gurnani ba, ihunta kawai muka ji. Fiƙoƙinsa sun nutse a damtsenta. A kan keke aka kai ta asibiti, aka yi ta zarya ana allurai. Duna kuwa, washegari manya suka fita da shi bayan gari, bai dawo ba. Da dare Baffa ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, tsumagiyarka ce ta ciji yarinyar nan. Ka koya masa cewa hannu abin tsoro ne, ka kuma hana shi faɗin ya ji tsoro." Yau sama da shekara 30 ke nan, yarinyar ta zama uwa, tabon yana nan, kuma har yanzu in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina.

To, ku fara sa wannan a ranku: kwikwiyon da ke cizon wasa ba mugunta yake yi ba. Ba shi da yatsu. Abin da jariri yake yi da hannuwansa, ya damƙi wannan ya jawo wancan, shi da baki yake yin sa. Ana haifarsa ido rufe, kunne toshe, babu haƙori ko ɗaya. Idon yakan buɗe tsakanin kwana 10 zuwa 14. A mako na 3 haƙoran farko suke fara tsirowa, kafin ya cika wata 2 sun kai 28, sirara masu tsini kamar allura. Shi ya sa cizonsa yake da zafi alhali muƙamuƙinsa bai yi ƙarfi ba. Daga wata 3 zuwa 4 sai famfara ta kama, haƙoran yarinta su riƙa zubewa, na girma su riƙa huda dasashi, har su cika 42 wajen wata 6 zuwa 7. A tsakanin nan dasashinsa ƙaiƙayi yake yi da zogi, komai ya samu sai ya gaigaya: tabarma, ƙafar kujera, wayar caja, hannunka. Wanda ya taɓa renon yaro mai haƙori ya san wannan halin, kuma babu uwar da take dukan jaririnta don ya ciji nono da dasashi mai ƙaiƙayi.

Akwai hikima a cikin wannan tsari. Haƙora masu tsini a bakin da ba shi da ƙarfi, wannan dama ce ta koyo ba tare da an yi ɓarna ba. Ku zauna ku kalli 'yan kwikwiyo suna kokawa a gindin uwarsu. Ɗaya ya kama kunnen ɗan'uwansa, in ya matsa da yawa sai wancan ya ƙwalla ƙara ya janye, wasa ya tsaya cak. Mai cizon ya yi turus. Bayan ɗan lokaci a koma, amma wannan karon ya sassauta. Haka ake yi sau ɗaruruwa a rana, kuma ta haka kowannensu yake sanin awon bakinsa. Uwar ma tana nata: in suka cije ta wajen shan nono sai ta miƙe ta bar su. Wasu masana biyu a Amurka, Scott da Fuller, sun shafe shekara 13 suna bin girman 'yan kwikwiyo, suka fitar da sakamakon a 1965. Sun nuna cewa daga mako na 3 zuwa wajen mako na 12 ne kare yake koyon zama da 'yan'uwansa da mutane cikin sauƙi, in lokacin ya wuce abin yana wuya. Wannan ne ya sa likitocin dabbobi suke cewa kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. Na ɗan ƙanwata an cire shi daga makaranta tun yana ajin farko. Masu sayarwa suna gaggawar rabuwa da su don kada su ci musu abinci, masu saye kuma suna ganin ƙarami ya fi saurin sabo. In kuna da zaɓi, ku bar shi wajen uwarsa ya cika wata 2, ko da za ku biya kuɗin tuwonsa. In kuma an riga an kawo shi, to kun zama uwarsa, kun zama 'yan'uwansa, darasin da ya rasa a wuyanku yake.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, har da waɗanda ba sa duka. So suke daga ranar farko haƙori kada ya taɓa fata ko kaɗan. Wani likitan dabbobi haifaffen Ingila, Ian Dunbar, wanda ya fara buɗe ajin horon 'yan kwikwiyo a Kalifoniya a farkon shekarun 1980, ya daɗe yana jan hankali a kan cewa aikin hawa biyu ne, kuma ba a tsallake na farko. A fara koya masa sassauta cizo, daga baya a hana shi cizon gaba ɗaya. Dalilin a fili yake. Babu karen da zai yi shekara 10 a duniya ba a taka masa wutsiya ba, ko ƙofa ba ta datse masa ƙafa ba, ko yaro bai faɗo masa yana barci ba. A irin wannan firgita kowane kare yana iya kai baki kafin ya yi tunani. Wanda ya san awon bakinsa zai bar yawu a fata. Wanda aka hana da tsoro, bai taɓa sanin yadda fatar mutum take da rauni ba, zai bar rami.

Ga yadda ake yi. Ka zauna ƙasa ka yi wasa da shi. In ya kama hannunka a hankali, ka ƙyale shi tukuna. Da zarar ya matsa har ka ji zafi, ka ce "wash!" sau ɗaya, ka saki hannun ya mutu kamar tsumma. Kada ka fizge. Abin da ke gudu shi kare yake bi, kuma fizgar ce take yage fata. In ya saki ya lasa, ka yabe shi da murya mai sanyi a ci gaba da wasa. In ya ƙara, ka miƙe tsaye, ka juya masa baya, ka tsallaka inda ba zai kai gare ka ba, ka ƙirga zuwa 30, sannan ka dawo. Ba faɗa, ba harara, ba dogon jawabi. Abin da ya fi so a duniya a wannan lokaci shi ne kai da wasanka, to ya gane cewa cizo mai zafi yana kore su. Kuma dawowar tana da muhimmanci kamar tafiyar, domin a dawowar ne yake samun damar gwadawa a hankali. In ka tafi ka bar shi awa guda, ya riga ya manta abin da ya jawo. In mai bin dunduniya ne, ka ɗaura masa igiya mara nauyi a turke lokacin wasan kawai, yadda taku biyu zai fitar da kai daga inda bakinsa yake kaiwa.

Wani kwikwiyon in ya ji "wash" sai ya ƙara zabura, ya ɗauka wani sabon wasa ne. Irin wannan kada ka ce masa komai, ka miƙe kawai. Ku kuma sani a kwanakin farko abin yana iya ƙaruwa kafin ya ragu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da aka saba buɗe masa, in ya ji shiru sai ya ƙara bugu kafin ya haƙura. A nan ne yawancin samari suke karaya su koma ga sanda. Ku daure. Bayan mako ɗaya ko biyu za ka ga cizon mai zafi ya yi ƙaranci. Sai ka rage ma'auni: wanda da kake ƙyalewa, yanzu shi ma ya tsayar da wasa. A haka a haka, har ya zama in ya kama hannunka ba ka jin komai sai ɗumin bakinsa. Daga nan ne za a shiga hawa na biyu, haƙori ya taɓa fata ko tufa, wasa ya ƙare. Wannan ba aikin kwana uku ba ne. Ka sa ran watanni, har famfara ta wuce.

Amma fa ba a hana baki aiki a bar shi haka nan. Kowane lokaci ka kasance da abin da za ka ba shi a madadin hannunka. Igiya mai kauri da aka ƙuƙƙulla ta isa. Tsohon tawul da aka jiƙa aka sa a firji, ko aka tsoma a ruwan randa mai sanyi, yana kwantar da zogin dasashi, haka ma ɗanyen karas. Da ka ga ya nufo ka baki buɗe, ka riga shi, ka sa igiyar a gabansa kana jan ta a ƙasa, in ya kama ka yabe shi. Kada ka ba shi tsohon silifas, domin ba zai bambanta shi da sabon takalmin Baba ba, kuma Hausawa sun riga sun faɗi abin da ke biyo baya in aka ga kare yana shinshinar takalmi. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, tsagewa yake yi ya soki hanji. Ragowar tsire da kilishi ma a bar su, albasa tana lalata jinin kare.

Wasan da samari suka fi so, su dunƙule hannu suna tura wa kwikwiyo a fuska yana kai cafka suna dariya, shi ne babban malamin cizo. Yau yana kilo 4 abin dariya ne. Nan da wata 8 yana kilo 30, kuma bai san an canza doka ba. Hannunka kada ya zama abin wasa, kada kuma ya zama sanda. Ya zama inda abinci yake fitowa. Ka riƙa ba shi wani kaso na abincinsa daga tafin hannunka. Ka sa ɗan yankan dafaffen nama ka dunƙule. Zai shinshina, ya lasa, ya gaigaya, ya sa dagi. Kada ka buɗe, kada ka ce komai. Da zarar ya ja baya ko da na ƙiftawar ido ne, ka buɗe ka ba shi. Sau biyar ko shida a zama ɗaya ya wadatar. Cikin 'yan kwanaki za ka ga ya fara ja da baya da kansa yana kallonka. A lokacin cin abincin kuma ka riƙa taɓa kunnensa, da ƙafafunsa, da wuyansa, kana ɗaga leɓensa a hankali, domin ranar da za a cire masa kaska ko a ɗura masa magani kada hannu ya zo masa a matsayin baƙo.

Sau da yawa ma cizon gajiya ce. Ɗan kwikwiyo yana buƙatar barcin awa 18 zuwa 20 a kwana. A gidan da yara suke da yawa, wannan ya ɗauka wancan ya ajiye, ba ya samun rabin haka. Za ku lura haukan cizon ya fi tashi da almuru, ya riƙa zagaye tsakar gida a guje yana cafkar duk abin da ya gifta. Wannan rigimar yaron da barci ya cika wa ido ce. A kai shi ya yi fitsari, a duba ko yunwa ce, sannan a sa shi a makwancinsa mai inuwa da abin gaigaya. Ba za a jima ba za a ji shiru.

Ƙananan yara su ne suka fi shan cizo, domin suna gudu, suna ihu, suna wurwurga hannu, zani da hijabi suna kaɗawa, duk abubuwan da ke kiran kwikwiyo. Ku da kuke yayyensu ku koya musu: in ya nufo su, su tsaya ƙyam kamar turke, su rungume hannu a ƙirji, su daina kallonsa. Ba za a yi nisa ba zai gaji ya tafi. Kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada su hau bayansa, kada su ja masa wutsiya. Kuma kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai, komai hankalin karen. Dokar ta zama ɗaya a gidan. In kai kana tsayar da wasa, ƙanenka kuma yana ba shi hannu ya gaigaya, ruwa kake zubawa a kwando.

Na san wasunku za su ce ai dukan yana aiki. Yana aiki kam, a idon mai dukan, na 'yan watanni, kamar yadda ya yi mini da Duna. A 2009 wasu likitocin dabbobi na Jami'ar Pensilbaniya a Amurka sun tambayi masu karnukan da aka kawo asibitinsu saboda matsalar hali, me suka taɓa gwadawa kuma me ya biyo baya. Cikin karnukan da aka doka ko aka haura, 43 cikin 100 sun mayar da martani da faɗa. Cikin waɗanda aka kayar aka danne a ƙasa, kusan ɗaya cikin uku. Wannan dannewar kuna ganin ta a bidiyoyin YouTube da TikTok, ana cewa sai ka nuna wa kare kai ne shugaba kamar yadda kyarkeci yake yi. Asalin maganar nazari ne da aka yi a shekarun 1940 a gidan namun daji na Basel a Suwizalan, kan kyarketan da ba dangin juna ba aka tara su a shinge ɗaya. Masanin da ya fi yaɗa ta, David Mech, shi da kansa ya dawo a 1999 bayan ya zauna da kyarketai a dajinsu, ya ce garkensu iyali ne, uwa da uba da 'ya'ya, ba fagen kokawar mulki ba. Mai maganar ya janye, amma masu bidiyo ba su ji ba.

Sai babbar hujjar da na fi ji: "Ni karen gadi nake so, in ya yi laushi wa zai tsorata?" Ku tambayi duk wanda ɓarawo ya taɓa juyawa daga katangarsa. Haushi ne ya kore shi. Kare in ya balaga, son tsare gidansu yana zuwa masa da kansa, ba sai an ba shi barkono ko an yanke masa kunne ko an kulle shi a duhu ba. Wanda aka kulle bai san mutane ba, kowa a wurinsa abokin gaba ne, kuma wa ya fi shigowa gida? Ba ɓarawo ba. Almajiri ne da ƙoƙonsa, da mai tallan nono, da yaron da aka aiko, da gwaggo da ta zo dubiya. Karnukan 'yan sanda da kuke sha'awa, ana ɓata watanni ana koya musu saki da kalma ɗaya, wanda ba ya saki ba a fita da shi aiki. Addininmu ma da ya halatta riƙon kare don farauta da kiwo da gona, horarre ya ambata a farkon Suratul Ma'ida, malamai kuma suka ce alamarsa in an tura shi ya tafi, in an tsawatar masa ya tsaya. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar da ake karantawa a zaurukanmu, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka tuna masa cewa Imam Malik bai so hakan ba sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Larura ta buɗe ƙofa, amma ba ta ɗauke haƙƙin maƙwabci ba, ba ta kuma ɗauke haƙƙin dabbar ba. Wanda ya ɗaure rai a gidansa za a tambaye shi cinta da shanta da azabar da ya gana mata.

Ku koyi bambanta wasa da tsoro. Mai wasa jikinsa a sake yake, yana tsalle, yana duƙar da ƙirji ƙasa ya ɗaga ƙugu. Wanda ya sandare, ya kwantar da kunnuwa, farin idonsa ya fito, yana gurnani daga ƙirji a kan kwanonsa ko ƙashinsa, wannan wata magana ce daban. Kada ku hukunta gurnani. Shi ne sallamar da kare yake yi kafin cizo, in kun kashe ta kun bar cizon ba sanarwa. A ja baya, a duba abin da ya tsorata shi. In a kan abinci ne, a daina ƙwace masa kwano don gwaji. A riƙa wucewa daga nesa ana jefa masa abin da ya fi na cikin kwanon daɗi, har ya zama in ya ga mutum ya nufo sai ya ɗago kai yana kaɗa wutsiya. In abin ya ƙi, ko kwikwiyo mai sanyin hali ya rikiɗe rana ɗaya, a kai shi wajen likitan dabbobi, domin ciwo ma yana sa cizo.

Akwai kuma abin da ya fi tabo muni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kada ƙanƙantar kwikwiyo ta yaudare ku, shi ma yana ɗauka, musamman wanda aka tsinto a titi ko aka sayo a kwali ba a san uwarsa ba. Ƙwayar cutar a yawu take, tana bin jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa, yawanci wata 2 zuwa 3. In alamu suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, kusan babu mai tashi. Amma kafin nan ana tare ta sarai, tun daga 1885 da Luwi Pasto ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 a Faransa da allurarsa. In kwikwiyo ya cika wata 3 a kai shi a yi masa rigakafi, a karɓi takarda a adana, a riƙa sabuntawa yadda likita ya ce. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin wannan allurar, ana kuma samun ta a asibitocin dabbobi. In haƙorin karen da ba a tabbatar da rigakafinsa ba ya fasa fata, ko da ƙarzanewa ce, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15 cur, da agogo. Kada a sa barkono, ko toka, ko gashin karen, kada a ɗaure. A tafi asibiti a ranar, a karɓi allurai har a cika su. Karen kuma kada a yi gaggawar kashe shi ko korarsa, a tsare shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Ku kuma, samari, kada tsoron faɗan Baba ya sa ku ɓoye cizo a ƙarƙashin hannun riga.

Bayan Duna na yi shekaru ban sake riƙon kare ba. Da na yi gidan gona larura ta sa na karɓi wata 'yar karya ja, ta cika mako 9 a wajen uwarta. Na bi da ita ta hanyar da na bayyana muku, da igiya, da juya baya, da nama a dunƙulen hannu, kuma ta ba ni wahala har wata 6. Tana da shekara 4 ƙaya ta soke ta a ƙafar gaba, wurin ya kumbura. Da hantsi tana barci a ƙarƙashin rumfa, ni ina gyaran famfon ban ruwa, mahaifiyar yara tana shanya, kowannenmu ya ɗauka ɗan'uwansa ne yake kallon autanmu mai shekara 2. Ya taho da gudu ya yi tuntuɓe ya faɗa a kan ƙafar mai ciwon. Ta zabura da ƙara, na ga bakinta ya rufe a kan hannunsa, na ga ta saki ta ja da baya tana ɗingishi. Kafin in isa uwarsa ta riga ta suro shi. Muka fito da hannun cikin hasken rana, muka juya shi ciki da bai, muka bi shi da yatsa tun daga wuyan hannu har kafaɗa. Yawu ne kawai. Ta wanke masa da sabulu hannunta yana rawa, ni kuma na ɗauko zana da dirkoki na tare tsakanin rumfar da tsakar gida, sannan na koma na duba ƙafar karyar.